KUJERA TA BAKWAI

Shafi na 17

Wallahi jiya kun hana ni sakat. Rabinku na cewa Iyatu ta cika baƙar zuciya, rabi na cewa Kubura ce ba ta da alƙawari, har wata baiwar Allah ta biyo ni ta bayan fage tana rantsuwa in ban raba su ba ta daina karatu. Gyara zama hajiyata, yau ba sai na sa hannu ba.

*

Saura kwana biyu mota ta tashi.

Tun da aka kafa Kankiya ba a taɓa jin irin wannan ba. Mata arba'in, ba hajji ba, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba, wai kawai su cika doguwar mota su ƙetare iyaka su je kallon ƙasar Nijar. Maraɗi, Damagaram, har Agadas, kwana tara, a dawo ta hanyar da aka bi. Shekarar ce kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa ya fara jin kansa. Malama Sa'a ta ajin yaƙi da jahilci ita ta tara matan, Ɗanmaliki tsohon direban lorin gyaɗa shi ne madugu, shi zai kai su ya ciyar da su ya nema masu makwanci ya dawo da su.

Iyatu fam talatin ta biya, don ita har yau ba ta yarda da lissafin naira ba. Ɗan bijiminta ta sa aka kai kasuwa. Kuma kada ku ce Agadas ce ta dame ta, ina ruwan mai tallan nono da Agadas? Kubura ce ta ce za ta. Ƙawarta ta shekara ashirin da bakwai, wadda suka ƙulla ƙawance da goro da shaidu tun kowaccensu na goyon fari. Da Kubura ta ce Yashe za ta, nan kusa, to Yashe Iyatu za ta bi ta.

Sai ga shi ranar rabon kujeru an ce kowa ta zaɓi abokiyar zama, Kubura ta buɗe baki gaban jama'a ta ce, "Malama Sa'a."

Aka ba su kujera ta bakwai.

Iyatu aka jefa ta ta goma sha biyu, ita da Kaka mai shan taba gari, wadda ko jaki ta hau sai ta yi amai.

Da wannan dutsen a ƙirji ta iso rumfar Ɗanmaliki a bakin tashar Kankiya da hantsin Laraba, ƙwarya a ka. Shi kuwa yana zaune kan buhun shinkafa, littafi kan gwiwa, biro a bayan kunne, yana ta ƙunƙuni shi kaɗai.

"Madugu, ga man shanun da ka ce. Kwalba goma sha biyu."

"Madalla da 'yar Fulani. Ajiye nan kusa da albasa. Kai, tahiyar ga za ta sa ni furfura. Kin san nawa suke son kuɗin tabarma a Damagaram? Tabarma fa, ba katifa ba! Ga man mota, ga ruwan sha da za a saya a hanyar Agadas, ga canjin kuɗinsu da ba ya tsayawa wuri guda."

"Ai kai ka ɗauko."

"Ni na ɗauko. Saura garin fura, kin ce ke za ki daka mana."

"Na ciki nawa?"

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

"Ranar farko ciki arba'in. Daga Maraɗi zuwa gaba, talatin da takwas."

Iyatu ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma matar da ta shekara talatin tana auna nono da ludayi ba a yi mata wasa da ƙirga.

"Talatin da takwas?"

"Eh."

"Biyun fa? Mutuwa za su yi a hanya?"

"Subhanallahi, wane irin baki ne wannan? Sauka za su yi."

"Su sauka su yi mi?"

"Ina na sani? Ni dai an ce mani kada in sayi abincinsu na kwana bakwai, ban saya ba. Na ma maida masu rarar kuɗinsu. In mun juyo mu kwashe su a Maraɗin. Ni ba na sayen tuwon wanda ba shi cikin mota."

"Su wa ke nan?"

Nan fa Ɗanmaliki ya farga. Ya rufe littafi, ya sosa ƙeya, ya shiga gyaran buhun da ba abin da ya same shi.

"An ce kada in faɗa."

"Wa ya ce?"

"Ke dai daka garinki."

"Madugu, in ba ka faɗa mani ba, wallahi sai dai ku sha ruwan rijiya har Agadas. Kuma in kwashe maina."

Ta kai hannu kan kwalaben. Shi kuma, Allah sarki, mutumin da ke tsoron mata arba'in su ji yunwa a hannunsa, ya rage murya.

"Ban faɗi suna ba fa. Ki zama shaida ban faɗi suna ba. Kujera ta bakwai ce za ta tahi wayam. In kina so ma ki dawo cikinta ki huta da Kaka."

Kujera ta bakwai.

Iyatu ba ta san lokacin da ta ɗora ƙwarya a ka ba. Ba ta yi mashi sallama ba. Yana kiran, "Garin fa? Iyatu, garin fa?" ko waiwaye.

*

A bayan a-kori-kura ta zauna, tsakanin buhunan gero da wata akuya, har garinsu Kusada zuciyarta na tafasa.

Wato ba kujera kaɗai ba ce. Kwana bakwai za su yi su biyu a Maraɗi, su ci tare, su kwana ɗaki guda, su shiga kasuwa suna zaɓen turare da atamfa suna magana irin ta masu karatu. Ita kuma a kwashe ta a kai ta cikin rairayi da Kaka da amanta. Ita ta sayar da bijimi!

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Ranar kasuwar da ta wuce, ta hango Kubura tsaye wajen masu gyaɗa, ta ɗaga mata hannu har sau uku. Kubura ta dube ta ido cikin ido ta kau da kai.

Ranar sunan jikan Modibbo, sun yi da ita za su ɗaura shuɗin zanen ankonsu. Kubura ta zo da kore. Da aka yi magana wai ta ɗauka shi ne.

Sannan hannun nan. Kai, hannun nan shi ya fi ci mata rai. Duk inda aka gan su, Kubura na riƙe da hannun Malama Sa'a, yarinyar da ba ta fi sa'ar ɗiyarta ba, baƙuwar da aka turo daga Katsina bara-bara nan. Shekara ashirin da bakwai Kubura ba ta taɓa riƙe hannun Iyatu a kan hanya ba, kullum cewa take ita ba yarinya ba ce.

Kishi ne, ba wani suna gare shi ba. Iyatu ma ta san kishi ne, kuma sanin bai rage komai ba.

Da ta sauka, rumfar Jaji tela ce farko a bakin kasuwa. Mijin Kubura ke nan, dogon mutum mai raha, shi ke ɗinka masu rigunan ankon tafiya. Da ma yau ya ce ta zo ta karɓa.

"A'a, ga matar daji! Yau ko ɗan kindirmo babu? Haka ake zuwa wurin mijin ƙawa hannu sake?"

"Ina wuni, Malam."

"Lahiya lau. Wa ya taɓa ki kike kumbure haka?"

"Rana ce. Rigata na zo amsa."

Ya jawo ƙullin ɗinki daga bayan keke yana ci gaba da taka ƙafa. Ya warware. Atamfa mai ruwan goro, wadda ita da Kubura suka zaɓa da kansu tun watan jiya. Riga ɗaya, riga biyu.

Riga uku.

"Ta ukun fa ta wa ce?"

"Ta Malama. Ƙawarki ta ce a fitar mata daga nata yadin, wai ku zama ku uku."

"Mu uku."

"Eh mana. Ai kin samu ƙanwa."

Ya yi dariya. Da ya san abin da dariyar nan za ta jawo, da ya haɗiye ta.

Jama'a, akwai maganar da mutum ke ji tana hawowa daga ciki, ya san ba alheri ba ce, ya san in ta fita ba ta komawa, amma ya buɗe mata baki. Iyatu ta naɗe rigarta a hankali ta sa cikin ƙwarya.

"Malam, halan kana da dangi a Maraɗi?"

"Maraɗi? Ko kare ban sani ba."

"Ita fa?"

"Danginta duk suna Yashe. Mi ya faru?"

"A'a, ba komi. Na ga dai madugu ya cire ta daga lissahin abinci. Wai a Maraɗi za ta sauka ita da Malama, kwana bakwai, sai mota ta juyo. Na ce ko kai ka aike ta."

Keken ɗinki ya tsaya cak.

Jaji ya dubi allurar, ya dubi Iyatu, rahar nan duk ta bar fuskarsa. Shi ne fa ya dangwala yatsa a takardar da ta ba Kubura izinin ƙetare iyaka, kuma abin da aka karanta mashi a takardar Agadas ne.

"Wurin wa?" ya ce.

"Oho. Ai ni yanzu ba a gaya mani magana."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Kuma kada in yi maku ƙarya, taku goma na farko daɗi ta ji.

*

Kubura na tsakar gida ita kaɗai, bayan azahar, ta gama tuyar ƙuli tana ɗura man gyaɗa a kwalabe, guzurin tafiya. Iyatu ta shiga ba sallama.

"Wa ke nan?"

"Au, yau har tambaya ake? To baƙuwa ce."

"Ƙawa! Ke ce? Shigo mana, ga tabarma. Kin ganni ina ta fama, na ce in soya maki naki daban mai yaji yadda kike so."

Iyatu ba ta zauna ba. Ta sauke ƙwarya, ta ɗaga faifai, ta ciro tasa. Tsohuwar tasar jan ƙarfe ce, duk gefenta ya lotse. Ita Kubura ta ba ta ranar da aka raba goron ƙawancensu, ita kuma ta ba Kubura ƙwarya mai zane. Tun ranar tasar ba ta kwana wani wuri ba sai inda Iyatu ta kwana, a ciki take zuba man shanu in za ta kasuwa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in aka maido wa mutum kayan ƙawance.

Ta dire ta a ƙasa gaban Kubura. Tasar ta yi ƙara.

Kubura ta tsaya da ludayi a hannu.

"Minene wannan?"

"Ki duba mana. Ko ita ma kin manta kamarta?"

Kubura ta sunkuya, ta kai hannu. Ba ta kama tasar ba, ta dafa ƙasa gefenta, sannan ta lalubo ta. Ta shafa bakin, ta shafa lotsewar. Iyatu na kallo, amma mai fushi ba ya ganin abin da ke gabansa.

"Iyatu. Mi na yi maki?"

"Mi kika yi mani? Yau ni kike tambaya? Kujera ta bakwai!"

"Ai na ce maki ki yi haƙuri, akwai dalili."

"Na yi. Riga ta uku fa, ita ma in yi haƙuri? Zanen da muka zaɓa ni da ke, ki yanka ki ba 'yar boko?"

"Ƙawa, ki rage murya."

"Ba ni ragewa! Ranar kasuwa na ɗaga maki hannu sau uku kamar mahaukaciya, kika dube ni kika kau da kai. Ranar suna kika bar ni ni kaɗai cikin shuɗi, mata na ta zunɗena. Duk na shanye. Na ce ƙawata ce, ta shiga aji ta koyi rubuta sunanta, kanta ya ɗan yi zahi, zai huce. Ashe ban san komi ba."

"Iyatu..."

"Maraɗi!"

Ludayin ya faɗi cikin kasko.

"Wa ya faɗa maki?"

"Au, gaskiya ce ke nan. Kwana bakwai! Ni na sayar da bijimina don in zauna kusa da ke, ke kuma kin shirya ki sauka ki bar ni da Kaka. Mi zan yi a Agadas? Uwata ce can ko ubana? In kin gaji da mai warin nono ai sai ki faɗa mani, ba sai kin kai ni wata ƙasa kin yar ba. Ranar da kika yi ɓari wa ya kwana ukku a ɗakin nan? Malama ce? Ranar da aka kai Inno uwar mijinki makwanci wa ya riƙe maki girki? Lokacin Malamar taki ko hanyar Kusada ba ta sani ba!"

Muryarta ta karye. Ta tsani hakan, ta so ta gama faɗanta da busasshen ido.

Kubura ta jawo kwalba da mazurari ta tura su gaba.

"Zauna. Don girman Allah zauna, ki dubi kwalbar ga."

"Ba kallon kwalba ya kawo ni ba."

"Ki duba ƙasa."

Iyatu ta duba. Sai yanzu ta lura. Ƙasar wajen duk ta jiƙe da mai, ya yi tabo baƙi ƙirin kewaye da kwalaben, har ya gangara wajen murhu. Kubura, wadda ko ɗigo ɗaya ya zuba sai ta lakace da yatsa ta maida.

"Wa ya zubar maki da mai haka?"

"Ni."

"Ke?"

"Matso ki dubi idona. Kusa. Juya ni wajen rana."

Iyatu ta durƙusa, ba don ta huce ba. Ta kama haɓar Kubura ta juya. A tsakiyar baƙin idon dama akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na hagu ma ya soma.

"Yanar ido ce," in ji Kubura. "Na dama ya tahi tun damina. Na hagu, in kika tsaya can bakin zaure, inuwa nike gani, ban san ko ke ce ko turmi ba."

Iyatu ta saki haɓar.

"Ranar kasuwa ban gan ki ba, ƙawa. Wallahi ban gan ki ba. Ranar suna na buɗe akwati na ɗauko zane ina cewa shuɗi ne. Da mata suka yi dariya sai na bi su na yi, na dawo gida na yi kuka."

"Hannun..."

"In ba ta riƙe ni ba rami nike faɗawa. Ita ta fara ganewa, a aji. Ta ga ina rubutu ina sauka daga kan allo. Ta tsare ni bayan an tashi, na yi mata gardama, ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne, na kasa."

Zakara ya bi ta kan tabarmar ya wuce, ba wadda ta kore shi.

"Akwai likitocin ido da suka zo wani asibiti kusa da Maraɗi, wata guda za su yi su koma ƙasarsu. Malama ta rubuta masu, sun ba ni rana. Asabar. Su cire yanar, in kwanta kwana shidda da ƙyalle a ido, ku juyo ku ɗauke ni. Shi ya sa na shiga tahiyar ga tun farko. Ni ina ruwana da Agadas, mi zan gani?"

To, ku kuna tsammanin nan Iyatu za ta faɗa jikinta su yi kuka a shirya ko? Ba ku san Iyatu ba. Tausayi ya zo, ya cika mata ƙirji. Amma kishin bai tafi ba, juyawa kawai ya yi.

"Tun damina."

"Eh."

"Tun damina kina cikin duhu, kullum ina shigowa gidan ga, ina zama nan, muna cin goro, ba ki faɗa mani ba. Kika faɗa ma baƙuwa."

"Ban faɗa mata ba, ganewa ta yi."

"Ni ba ni da hannun riƙe ki? Nawa ƙaya gare shi?"

"Ke kin iya karanta takardar likita? Kin iya ce masu ga inda ke ciwo da bakinsu?"

"Sai ta yi masu magana, ni in riƙe ki!"

"Iyatu, ki dubi Allah. Ke fa in abu ya taɓa ki duk Kusada sai ta gani a fuskarki. Da na faɗa maki, da kin shigo gidan ga kina sharɓe, kin sayar da sauran shanunki, kin tara mani masu magani tun daga garin Boko har Yashe. Kwana guda ba za a yi ba Malam ya ji."

Iyatu ta ɗago kai.

"In ya ji fa?"

"Kin manta Inno?"

Ba ta manta ba. Wa zai manta? Inno, uwar Jaji, ita ma yanar ido ce ta kama ta. Wani mai magani da ke yawo gari-gari ya zo ya kwantar da ita a zauren nan ya soka mata tsinke a ido, Jaji da kansa ya riƙe mata kai. Kwana uku tana ihu. Shekara goma sha ɗaya ta yi a duhu kafin Allah ya karɓi abarsa.

"Ranar da aka rufe ta ya dafa Alƙur'ani," in ji Kubura. "Ya ce muddin shina numfashi ƙarfe ba ya ƙara taɓa idon wani a gidanshi, na Bature ne ko na baƙin mutum. Na gwada shi da wasa watan jiya, na ce an ce likitoci na cire yana. Ya ajiye tuwo ya fita. In ya ji, zai je ya cire hannunshi daga takardar, kuma ba mugunta ba ce, tsoro ne. Na ce in na dawo ina gani, in zare mashi allura da kaina in ba shi, sai ya yi fushin kwana biyu ya huce."

Iyatu ta waiwaya ta dubi bakin zaure.

"Kuma ke," Kubura ta ci gaba, har da ɗan murmushi, "so nike ki je Agadas ɗin. Ki kalle mani komi. Dogon masallacin nan da ake faɗi, da raƙuma, da matan Buzaye. Ke kin iya ba da labari, in kin faɗa kamar na je. Sannan ranar da mota ta juyo, in an kwance mani ƙyalle, ke nike so in fara gani kina saukowa cikin rigar ankonmu. Na Malama kuwa ladar wahala ce, ba ta amshi ko kwabo ba. Ba ta zama ke, ƙawa. Ta ina?"

Ta tura tasar a hankali har ta taɓa gwiwar Iyatu.

"Ɗauki abarki. Kada ki ƙara yi mani haka."

Sannan ta miƙa hannu tana lalube cikin iska. Ta sami wuyan hannun Iyatu, ta gangaro ta sarƙe yatsunta cikin nata, ta riƙe gam. Abin da Iyatu ta yi wata uku tana ƙyashi, ga shi an ba ta.

"Ke kuma mi ya sa hannunki ke rawa? Ba ki ci komi ba ko? Ki kwantar da ranki, saura kwana biyu kawai. Mu huɗu muka sani yanzu, ni da ke da Malama da madugu. In dai Malam bai ji ba har mota ta tashi, shi ke nan."

Iyatu ta buɗe baki.

Sai ƙarar keken hawa a zaure, an jingina shi da bango da ƙarfi.

Jaji bai taɓa dawowa gida kafin la'asar ba. Ya shigo ba gyaran murya, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Kankiya, hula har goshi, zaren ɗinki na manne a kafaɗarsa. Bai dubi ƙulin ba, bai dubi man da ya zuba ba.

"Madalla da na same ku tare."

"Malam, lahiya?" in ji Kubura. Ta juya fuska wajen muryarsa.

"Kankiya za ni, wurin Ɗanmaliki, in amso takardata. Amma na ce ba ni tahiya sai na ji daga bakinki. Shekara talatin ban taɓa zarginki ba, Kubura. Wurin wa za ki kwana bakwai a Maraɗi?"

In Kubura ta faɗi gaskiya, ido ya tafi. In ta yi shiru, abin da zai zarga ya fi makanta muni.

"Wa... wa ya ce maka zan sauka Maraɗi?"

"Wadda ba ta taɓa yi mani ƙarya ba." Ya nuna da haɓa. "Iyatu, maimaita abin da kika faɗa mani a rumfa. Gabanta."

Kubura ba ta saki hannun ba tukuna. Ta juyo a hankali, ta kafa fararen idanun nan a inda take jin numfashin ƙawarta, ta ɗan kauce kaɗan, kunnen Iyatu take kallo.

"Ƙawa," ta ce, can ƙasa. "Ke ce?"

Yatsunta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.